Dune: Shekara Sittin Ana Kokawa da Littafin Hamada

A shekarar 1957 wani ɗan jarida Ba'amurke mai suna Frank Herbert ya je garin Florence da ke gaɓar teku a jihar Oregon domin ya rubuta rahoto a kan rairayi. Tuddan rairayin wurin tafiya suke yi. Iska na turo su sannu a hankali, suna binne hanyar mota, suna danne itatuwa, suna dosar gidajen mutane. Ma'aikatar Gona ta Amurka ta samo dabara, tana dasa wata ciyawa mai dogayen saiwoyi da aka kawo daga Turai, ita kuma ta kama rairayin ta hana shi motsi. Mutumin Yusufari ko na Gure da ya taɓa ganin jigawa ta cinye gona ba sai an yi masa dogon bayanin abin da ya ja hankalin Herbert ba. Ya hau ƙaramin jirgin sama ya leƙa tuddan, ya tara bayanai, amma rahoton bai taɓa fitowa a jarida ba. Wata tambaya ce ta maƙale masa: in da za a sami duniyar da gaba ɗayanta hamada ce, waɗanne irin mutane za ta haifar, wane irin addini za su yi, kuma wa zai mulke su?

Ya kwashe kusan shekara shida yana karatu da rubutu kafin ya amsa. Ya karanta rayuwar Larabawan hamada, da labarin T. E. Lawrence, Baturen Ingila da ya shiga cikin Larabawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya kuma sha daga littafin Lesley Blanch na 1960, The Sabres of Paradise, wanda ya ba da tarihin Imam Shamil da mutanensa na tsaunukan Kokesus, da yadda suka shekara da shekaru suna hana daular Rasha sakat. Daga nan ya ɗebo sunaye da ɗabi'u da yawa ya zuba wa mutanen hamadarsa.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Dubban shekaru nan gaba, 'yan Adam sun bazu a duniyoyi da yawa a ƙarƙashin sarki guda, Shaddam na Huɗu, da manyan gidajen sarauta masu gaba da juna. Akwai wani sinadari da ake ce wa yaji, mai ƙara tsawon rai, mai buɗe wa mutum ido ya hango abin da ke tafe. In babu shi matuƙa jiragen sararin samaniya ba sa iya ganin hanya, ciniki ya tsaya, daula ta rushe. Wuri ɗaya tak ake samun sa, wata duniya mai suna Arrakis, inda ba a taɓa ruwan sama, kuma a ƙarƙashin rairayinta akwai tsutsotsi masu tsawon mita ɗaruruwa da ke jin sawun tafiya daga nesa su zo su haɗiye mutum da motarsa. Sarki ya karɓe Arrakis daga gidan Harkonnen, waɗanda suka shekara tamanin suna tatsar ta, ya ba gidan Atreides. Ashe tarko ne. Aka kashe Leto, shugaban gidan, ɗansa Paul da mahaifiyarsa Jessica suka tsere cikin hamada, suka faɗa hannun 'yan ƙasa, Fremen.

Inda Herbert ya nuna gwaninta shi ne wajen ruwa. Kowane Bafiremine yana sanye da wata riga mai tace gumi da numfashi da fitsari ta mayar da su ruwan sha, mutum ya tsotsa ta wani bututu a gefen baki. Wanda ya mutu, naman nasa ne, amma ruwan jikinsa na jama'a ne, tatse shi ake yi a zuba a rijiyar ƙabila. Akwai inda shugabansu Stilgar ya shigo fadar Leto ya tofa yawu a kan teburi a gabansa. Fadawa suka zabura za su zare makamai, sai wanda ya san al'adar ya tare su, ya ce wannan ai girmamawa ce, mutumin ya ba da ruwan jikinsa kyauta. Haka kuma da Paul ya zubar da hawaye a jana'izar mutumin da ya kashe, jama'a suka riƙa taɓa kumatunsa cikin mamaki, don ba su saba ganin wanda ke ɓarnar ruwa saboda mamaci ba. Mai karatu kan gama waɗannan shafukan ya ji maƙogwaronsa ya bushe.

Fremen suna jiran mai ceto, kuma sunan da suke kiran sa da shi Mahadi. Baturen da ya karanta tarihin mulkin mallaka ya san wannan sunan ta hanyar Muhammad Ahmad na Sudan, wanda ya ɗaga tuta a 1881, mabiyansa suka ci Khartum a 1885. Mu kuwa ba baƙonmu ba ne, ko a tarihin Satiru na 1906 ya fito. Sai dai kada wani ya ɗauka Herbert aƙidar Musulunci ya rubuta. Aron sunaye ya yi, ya gauraya su da addinin Buda da wasu abubuwa, ya ƙera addinin da babu shi. Kuma ya saka wata ƙaya a ciki wadda masu karatu da yawa suka tsallake: wannan annabcin da Fremen suka riƙe, dasa musu shi aka yi. Wata ƙungiyar mata masu asiri da siyasa, Bene Gesserit, ita ta aika 'yan saƙonta tun ƙarnoni da suka wuce suka shuka irin waɗannan labarai a tsakanin al'ummomi, domin duk ranar da ɗaya daga cikinsu ta shiga tsaka mai wuya ta sami abin kamawa. Jessica 'yar ƙungiyar ce. Paul ya san ƙarya ce, ya kuma hango cewa in ya hau wannan doki za a yi yaƙin da zai ƙone duniyoyi da sunansa. Duk da haka ya hau.

Mujallar Analog ta fara buga labarin kashi-kashi daga ƙarshen 1963 zuwa 1965. Da aka zo mayar da shi littafi, kamfanonin ɗab'i fiye da ashirin suka ƙi. Ya yi tsawo, ya yi nauyi, ga baƙin sunaye har sai da aka yi masa ƙamus a baya. Wanda ya karɓa a ƙarshe shi ne Chilton na Philadelphia, kamfanin da aka sani da buga littattafan gyaran mota, saboda wani editansu, Sterling Lanier, ya karanta a mujalla ya nace. Littafin ya fito a 1965, ya ci lambar Nebula ta farko da aka taɓa bai wa dogon labari, ya kuma raba lambar Hugo ta 1966 da Roger Zelazny. Ciniki bai yi sauri ba da farko. Ɗaliban jami'a da masu fafutukar kare muhalli ne suka riƙa miƙa wa juna shi, sannan rikicin man fetur na 1973 ya zo ya sa kowa ya gane abin da yaji yake nufi: arziki a ƙarƙashin hamada, manyan ƙasashe na rububi a kai, masu ƙasar kuwa ko ruwan sha ya gagare su. Herbert da kansa ya kwatanta kamfanin da ke juya cinikin yaji a littafin da ƙungiyar OPEC.

Abin da ya dame shi shi ne yadda aka rungumi Paul a matsayin gwarzo. Shi gargaɗi ya yi niyyar yi, cewa shugaba mai kwarjini annoba ne ga mutanensa, domin da zarar sun sallama masa sun daina tunani. Saboda haka ya rubuta na biyu, Dune Messiah, a 1969, inda aka tarar da Paul a kan gadon sarauta, yaƙin da aka yi da sunansa ya hallaka mutum biliyan sittin da ɗaya, shi kuma ya zama fursunan abin da ya hango. John W. Campbell, editan Analog da ya buga na farko da murna, ya ƙi wannan. Shi jarumi yake so, ba jarumin da ya lalace ba. Sai wata mujalla, Galaxy, ta buga. Herbert ya ci gaba har littafi shida kafin ya rasu a Fabrairun 1986.

Masu fim kuwa tun farkon shekarun 1970 suka fara zawarcinsa, kuma wanda ya fi kowa barin labari shi ne wanda bai ɗauki ko minti ɗaya ba. Alejandro Jodorowsky, ɗan asalin Chile, ya samu kuɗin Faransawa a 1974 ya buɗe ofis a Paris. Ya ɗauko mai zane Moebius ya zana masa fim ɗin hoto bayan hoto, kusan zane dubu uku. Ya kawo Chris Foss ya zana jirage, H. R. Giger ɗan Suwizalan ya zana duniyar Harkonnen, Dan O'Bannon ya zo daga Amurka don dabarun hoto. Ya nemi Salvador Dalí ya fito a sarki, Orson Welles a Baron Harkonnen, Mick Jagger a ɗan ɗan'uwansa, ƙungiyar Pink Floyd ta yi kiɗa. Ɗansa Brontis, yaro ɗan shekara goma sha biyu, shi zai zama Paul, aka sa shi horon faɗa na shekara biyu. Fim ɗin da ya tsara zai wuce awa goma. Ya ɗaure zane-zanen cikin wani katafaren kundi ya aika wa kamfanonin Hollywood, kowa ya yaba, babu wanda ya zura hannu a aljihu.

Aikin ya mutu, amma mutanen da ya tara ba su watse a banza ba. O'Bannon ya koma gida ba ko sisi, ya zauna ya rubuta Alien, wanda ya fito a 1979, kuma Giger ne ya ƙera dodon da ke cikinsa, Foss da Moebius ma sun sa hannu. Shi kansa kundin ya zama abin nema. A Nuwamban 2021 wasu masu hada-hadar kuɗin intanet suka haɗa kuɗi suka sayi kwafi ɗaya a gwanjon Christie's na Paris a kan yuro miliyan 2.66, suna shelar za su yi fim da shi. Sai daga baya duniya ta tuna musu cewa sayen littafi daban, mallakar haƙƙin labari daban.

Kafin Dune ya kai ga allo, wani ya riga shi. Star Wars na George Lucas ya fito a 1977, da yaro a duniyar hamada, da muguwar daula, har da ambaton ma'adinan yaji. Herbert ya lura da kamannin, bai kuma ɓoye ɓacin ransa ba. Dino De Laurentiis, furodusa ɗan Italiya da ya sayi haƙƙin Dune a 1976, ya ga kasuwa ta buɗe. Ya fara da Ridley Scott, wanda ya bari ya tafi ya yi Blade Runner. Sai ya ɗauko David Lynch, matashin daraktan da ya ƙi tayin Lucas na ya ja ragamar Return of the Jedi. Aka yi aikin a Meziko, aka kashe kimanin dala miliyan arba'in, Kyle MacLachlan ya fito a Paul, mawaƙi Sting a cikin miyagu. Lynch yana son wajen awa uku, masu kuɗi suka datse shi zuwa minti 137. Abin ya cukurkuɗe har wasu gidajen sinima suka riƙa raba wa 'yan kallo takardar bayanin sunaye a bakin ƙofa. Fim ɗin ya fito a Disamban 1984 bai mayar da kuɗinsa ba. Da aka sake yanka shi don talabijin, Lynch ya sa aka cire sunansa.

Ni ban ga laifin fim ɗin a tufafi ko gine-gine ba, wasu hotunansa har gobe suna da ban tsoro. Laifinsa yana minti biyar na ƙarshe. Paul ya ci yaƙi, ya tsaya, sai ga ruwan sama na zuba a Arrakis. Wato annabcin gaskiya ne, mai ceto ya zo, kowa ya tafi gida da farin ciki. Abin da marubucin ya yi littafi guda don ya rushe, shi aka kafa da ruwan sama. Ga shi kuma a tsarin littafin ruwa guba ne ga tsutsotsin, su ne kuma tushen yajin, don haka wannan ruwan albarka da zai kashe arzikin duniyar baki ɗaya.

Daga wannan faɗuwar ne abin da ba wanda ya zata ya fito. Kamfanin Virgin Games ya sami izinin yin wasan kwamfuta da sunan Dune, kuma a 1992 ya fitar da guda biyu. Na farko na Faransawa ne, kamfanin Cryo, ya bi labarin Paul da fuskokin fim ɗin Lynch. Na biyu, Dune II, wani ƙaramin kamfani ne a Las Vegas mai suna Westwood Studios ya yi shi, kuma ya watsar da labarin kusan gaba ɗaya. Ba Paul, ba Jessica, ba Mahadi. Sarki ya ci bashi, ya ce duk gidan da ya fi kawo yaji shi zai mallaki Arrakis. Ka zaɓi gida cikin uku, Atreides ko Harkonnen ko Ordos, wanda ma babu shi a littattafan Herbert shida.

Ga abin da ɗan wasa ke gani. Kana kallon ƙasa daga sama, ko'ina baƙi ƙirin sai ɗan wurin da mutanenka suke tsaye. Ka shimfiɗa kankare a kan dutse, don gini a kan rairayi ba ya yiwuwa. Ka kafa injin iska mai ba da wuta, ka gina matatar yaji. Wata katuwar mota mai jan ciki ta fita ta fara kwasar jan rairayi, ta dawo ta juye, lambar kuɗinka ta hau. Da kuɗin ka gina barikin soja da masana'antar tankoki. Duk wannan abokin gaba ma yana can cikin duhu yana yin nasa, ba ya jiran ka gama tunani, domin wasan ba na bi-da-bi ba ne irin dara. Kana cikin lissafi sai ka ga rairayi na motsi ya nufi motar yajinka, kafin ka kai linzamin kwamfuta kanta tsutsa ta haɗiye ta, kuɗi ya tsaya cak. Soja ɗaya-ɗaya ake zaɓa a ba shi umarni, yatsa har ya gaji.

An yi wasanni masu kama da wannan kafin shi, amma Dune II ne ya haɗa tsarin da kowa ya kwafa: tara arziki, gina sansani, buɗe sababbin makamai mataki-mataki, sannan ka rushe na abokin gaba. Ma'aikatan Blizzard sun faɗa da bakinsu cewa sun ƙwallafa rai a kansa kafin su yi Warcraft a 1994, suka mayar da yaji zinariya da katako. Westwood da kansu suka yi Command & Conquer a 1995 don su huta da biyan haƙƙin sunan wani. Age of Empires ya biyo a 1997, StarCraft a 1998, wanda a Koriya ta Kudu ya zama sana'a, aka riƙa nuna gasarsa a talabijin. Yaron da ke gina ƙauye yana tara zinariya a Clash of Clans a wayarsa yau, jikan wannan tsarin yake bugawa ko bai taɓa jin sunan Herbert ba. Abin dariyar shi ne a duniyar littafin an haramta kwamfuta. An taɓa yin yaƙi da injuna masu tunani, aka farfasa su, aka horar da wasu mutane su riƙa lissafi da ka a madadinsu. Shi kuwa Westwood, kamfanin Electronic Arts ya saye shi a 1998, ya rufe shi a 2003.

Tashar Sci-Fi ta yi wasan talabijin mai kashi uku a 2000, ta bi littafin da aminci amma da ƙaramin kuɗi. Sai a 2016 kamfanin Legendary ya sayi haƙƙin, ya danƙa wa Denis Villeneuve, ɗan Kanada daga yankin masu Faransanci, wanda ya karanta littafin tun yana yaro. Sharaɗinsa shi ne a raba labarin gida biyu. Ya ɗauki hamadarsa a Wadi Rum ta ƙasar Jodan, inda aka ɗauki Lawrence of Arabia na 1962, da kuma Liwa ta Abu Dhabi. Kashi na farko ya fito a Oktoban 2021, cutar korona ba ta gama lafawa ba, ya tara sama da dala miliyan 400, ya ci lambar Oscar shida. Na biyu ya fito a Maris 2024 ya haura miliyan 700. Jamis, mutumin da Paul ya kashe a gwajinsa na farko, Babs Olusanmokun ne ya fito a matsayinsa, haifaffen Legas.

Villeneuve ya yi abin da na gabansa suka kasa, ya kuma yi shi ta hanyar saɓa wa littafin. Chani, masoyiyar Paul, a rubuce mai biyayya ce gare shi har ƙarshe. A fim, inda Zendaya ta fito a matsayinta, ita ce ke faɗa wa 'yan'uwanta cewa wannan annabci igiya ce aka ɗaure su da ita. Ranar da Paul ya ci sarauta kowa ya durƙusa, ita ta ƙi, ta juya ta fita. Ta fuskarta ɗan kallo ke gane cewa nasarar da ya gama tafa wa masifa ce. Amma ya biya wani farashi. Kalmar jihadi, wadda ta cika littafin, ba a furta ta a fim ɗin, an musanya ta da yaƙi mai tsarki, saboda Amurkar bayan 2001 ba ta 1965 ba ce. Harshen da aka ƙera wa Fremen ya rage Larabcin da Herbert ya zuba. Marubuta Musulmi da Larabawa da dama sun yi ƙorafin cewa an ɗauki rawani da hamada da salon addu'a, amma manyan matsayin Fremen ba a bai wa 'yan Gabas ta Tsakiya ko Arewacin Afirka ba. Ƙorafin yana da tushe, ko da yake wani zai ce gara haka da a nuna masu kama da mu suna ƙone duniyoyi da sunan addini. Duka ɓangarorin biyu suna da abin faɗa, kuma Herbert ne ya jawo rigimar tun ranar da ya ari sunayen.

An sa Disamban 2026 don fitowar fim na uku, wanda aka gina a kan Dune Messiah, littafin da Campbell ya ƙi bugawa. Masu wasan kwamfuta kuwa suna nan a kan hanyarsu ta kauce wa mai ceto. A Yunin 2025 kamfanin Funcom na ƙasar Norway ya fitar da Dune: Awakening, inda 'yan wasa da yawa ke shiga Arrakis guda ta intanet. A labarinsa Jessica mace ta haifa, Paul bai zo duniya ba sam, Leto yana raye yana yaƙi da Harkonnen. Ɗan wasa fursuna ne da aka jefo cikin hamada, aikinsa na farko ya nemi inuwa, ya tsotsi raɓa daga ganyen tsiro, in ya kashe abokin gaba ya tatse jininsa ya tace ya sha.